Daminar da Na Ɗaure Duna

Yau kwana shida ke nan ba mu ga rana ba. Marka ta zauna mana daram, tabarma ta yi laima, ashana ta ƙi kamawa, gwiwoyina kuwa ba a magana. Duk da haka shekaranjiya na daure na hau adaidaita sahu zuwa wata ta'aziyya can bayan Gwauron Dutse. Muna karya wata kwana na ce wa direban ya dakata. Wani gida ne mai jan get, a ƙofarsa ga wani ƙaton kare an sa masa sarƙa, har da 'yar rumfar kwano aka yi masa don kada ruwa ya taɓa shi. Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ba ta da daɗin ji. Direban ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa nan wurin gonarmu ce. Ya kalle ni ta madubi, na san a ransa cewa ya yi ya ɗauko tsohon da ya fara ruɗewa.

Ban ga laifinsa ba. Yaran yanzu ba su yarda an taɓa noma a cikin badala, wato cikin ganuwar birni, ba. Alhali a zamaninmu in ka baro gidajen Dala ka yi yamma, gonaki ne shimfiɗe har gindin ganuwa, gero da dawa da rogo. Tamu ba wata babba ba ce, in ka tsaya a wannan kan ka yi magana na wancan kan zai ji ka. Ƙasar ta gaji tun zamanin kakanni, rairayi ne zalla. In ka ba ta taki ta ba ka hatsi, in ka hana ta ita ma ta hana ka. Taki kuwa a cikin gari yake, ba ya zuwa gona da ƙafarsa, sai da jaki.

Namu mace ce, baƙa, muna ce mata Duna. Yayana Habu ne ya saye ta da gumin dakon da ya yi a kasuwar Kurmi. Da yaƙin basasa ya tashi aka shiga ɗibar samari aikin soja, ya bi sahu. Ranar da zai tafi bai yi wa kowa dogon sallama ba, amma ya shiga turke ya daɗe yana shafa wuyanta. Ya miƙo mini igiyarta ya ce, "Isa, ga gonar nan a hannunka. In wannan na tsaye, ba za ku yi bara ba." Aka bar mu mu huɗu: Baba, Inna, ni, da matata Hansatu wadda a lokacin take amarya.

Abin da zan faɗa a shekara ta biyu da tafiyarsa ya faru.

Bazarar shekarar ta yi zafi na fitar hankali. Da an sallame asuba nake ɗora wa Duna mangala mu shiga lungu-lungu, gidan da suka yarda in share musu garken awaki in kwashe, tokar murhu, sharar tsakar gida, duk abin da zai ruɓe. Kafin hantsi ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa. Ƙurar takin ta manne da gumi, ta shiga hanci ta shiga maƙogwaro, in na tofar da yawu baƙi ƙirin. Sawu biyar, wata rana shida, muna zubawa tsibi-tsibi a gona. Duna ta haddace hanya, ko na tsaya gaisawa da mutum ba ta jirana. A gida kuwa rumbu ya yi ƙasa tun kafin lokacinsa. Inna ta mayar da tuwo sau ɗaya a rana, da safe sai koko tsararo wanda kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Manja ya ɓace daga kasuwa, gishiri ya zama abin da ake ƙullewa a bakin zane. Da yamma a taru gindin rediyon mai shayi a ji sunayen garuruwan da ba mu iya faɗa ba, kowa na lissafin ko nasa yana can.

Wanda muke iyaka da shi a gona shi ne Malam Garba. Ni Baba Garba nake ce masa, don tare suka tashi da mahaifina, masallacinmu ɗaya, shi ya yanka ragon sunana. Rogo yake nomawa, kuma da yunwa ta fara cizo sai aka shiga yi masa tono. Maganin da ya samo shi ne karnuka. Tun shekarar da gari ya rikice, mutanen Sabon Gari suka tafi a guje don tsira da rai, karnukansu suka rasa mai ba su abinci suka bazu a juji. A cikinsu ya jawo guda uku da ɗan ƙanzo, ya zaunar da su a gonarsa. Akwai wani ja mai yankakken kunne, shi ne shugabansu. Da suka saba da wurin sai ya daina ba su komai. Wai in kare ya ƙoshi barci yake yi.

To, ba su yi barci ba kam. Suka fara da kaji, suka koma 'yan awaki. Wata bazawara da ke kiwo a kusa ta rasa 'yan akuya biyu a mako ɗaya, ta yi kukanta ta share hawaye. Hansatu ta daina aiko mini da fura gona don babu wanda zai yarda ya kawo. Na yi wa Baba magana ya fi a ƙirga, kullum amsarsa ɗaya, wai maƙwabci ne, a yi haƙuri, ba a kai ƙarar wanda kuke haɗa sahu da shi.

Duna kaɗai ce ba su iya da ita ba. Wata rana ina kallo jan nan ya zagayo ta baya. Ko waiwayawa ba ta yi ba, ta ɗaga ƙafafun baya ta sakar masa a haƙarƙari. Ya yi sama ya dawo, ya tafi yana jan gindi yana kuka. Na yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar sai dai su tsaya daga nesa suna zare mata ido. Na ga wannan da idona, ku riƙe shi, don kada a ce ban sani ba.

Ruwa ya makara, sai da aka fita roƙo sau biyu. Ranar da ya sauka kuwa, ƙamshin ƙasa ya cika gari, mata suka jera tukwane a bakin indararo, washegari kowa ya saɓi sungumi. Na sara, Hansatu da cikinta na fari tana bina tana jefa iri, don babu wani hannun. Bayan kwana kaɗan mai shela ya zaga kamar yadda aka saba duk shekara: shuka ta fito, kowa ya ɗaure dabbarsa, wanda tasa ta yi ɓarna shi ya sani. Akuya da tunkiya a turke, jaki a yi masa dabaibayi, wato a haɗe ƙafafunsa na gaba da gajeriyar igiya, ya iya tsalle-tsalle ya ci ciyawa amma ba zai yi nisa ba.

A daidai lokacin kurkunu ya fito wa Baba a idon sawu. Ƙafa ta kumbura, tsutsar ta leƙo, kullum Inna na naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. Duk da haka bai yarda ya zauna ba. Da safe in ɗora shi a kan Duna har gona, ya zauna gindin kuka yana nuna mini inda na bar ciyawa. Muka kira gayya don noman farko, mutum bakwai suka zo, biyar a cikinsu masu furfura. Majiya ƙarfin duk suna bakin daga. Babu kiɗa, babu ihu, sai ƙarar fartanya da tari. Abin da Inna ta iya fitarwa shi ne kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ta yi ta ba da haƙuri kamar ita ta kawo yaƙin.

Gero ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa, ya fara fitar da kai. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane wuya, abinci na tsaye a gabanka kore shar, cikinka na ƙugi. Tafasa muke ci, da zogale, da duk ganyen da ba ya kisa. In na sunkuya noma na ɗago sai in ga duhu-duhu.

Ran wata Laraba ina can ƙarshen gona, dabaibayin Duna ya silale, don igiyar ta tsufa. Ta tsallaka iyaka ta shiga ɗan geron da Baba Garba ya shuka a gefen rogonsa. Kafin in ankara ta karya kara, in an yi yawa, goma sha biyu. Na kamo ta, na je na same shi na ba shi haƙuri, na ce in an yi girbi zan mayar masa da dami guda. Ya ce ba komai.

Ashe da komai. Bayan sallar la'asar, a ƙofar masallaci, gaban mutane, Baba Garba ya tsayar da mahaifina da ke dogare da sanda. Ya ce shi bai taɓa zaton gidan Malam Audu, wato gidanmu, ne za su taka shela ba. Ya ce wasu sun ga ɗansu na soja sun ɗauka gonar kowa tasu ce. Ya yi ta yi, murya sama. Baba na tsaye kansa a ƙasa, ƙuda na bin ƙafarsa. Raina ya ɓaci, na ce to karnukansa fa, su wa ya ɗaure su?

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Kare na cin gero ne? Dabbar da ke cin shuka aka ce a ɗaure. Je ka tambayi mai shela."

Wasu har da murmushi. Wallahi har yau in na tuna murmushin nan sai na ji ɗaci a bakina. A hanyar gida Baba ya ce mini in sake igiya, in ɗaure ta sosai, kada ya ƙara jin sunansa a bakin kowa. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar Juma'a aka tashi da yayyafi. Baba bai fita ba, ƙafar ta matsa masa. Na yi aiki har rana ta kusa tsaka, lokacin da kowa ke ajiye fartanya ya tafi wanka don masallaci. A gida babu abin da Duna za ta ci, saboda haka kamar kullum a gindin ganuwa zan bar ta, inda ciyawa take, in dawo bayan an sauko. Ina cikin sa mata sabon dabaibayi sai ga Baba Garba ya fito daga rogonsa, ya tsaya a kan iyaka, hannu a baya, yana kallon yadda nake ɗaurin. Tsayuwar ce ta ƙona ni.

Na ce a raina, ɗauri kake so? Za ka ga ɗauri. Na gama na gaba na ja shi tamau. Na ɗauko ragowar igiyar na haɗe ƙafafun baya su ma, abin da ba a yi wa jaki. Na kafa turke na buga shi da dutse har ya nutse, na ɗaure ƙafar baya a jiki, ƙulli kan ƙulli. Duna ta waiwayo tana kallona, ta gwada ɗaga ƙafa ta kasa. Na miƙe na kaɗe hannu na ce, da ƙarfi don ya ji, "Baba Garba, ta ɗauru ko a ƙara?" Ya juya ya tafi. Ni ma na tafi, ina jin daɗi a raina wai na rama.

Daga can zuwa masallacin Juma'a tafiya ce mai nisa, ka ratsa Dala, ka bi ta Kurmi. Duk gonakin nan babu ɗa namiji ko ɗaya da ya rage. Aka yi huɗuba, aka yi addu'ar zaman lafiya da ta waɗanda ke bakin daga, na shafa. Na biya gida na sha ruwa, har na ɗan kishingiɗa.

Tun daga nesa na ga ungulu biyu a kan ganuwa. Na jefar da takalmina na ruga.

Tana kwance ta gefe. Ƙasar da ke kewaye da turken ta dame ta zama taɓo, ta yi ta juyi a wuri ɗaya. Sun yage mata cinyoyin baya da ƙasan ciki. Igiyar ta jiƙe da ruwa da jini, ta shige cikin fata saboda fizga, amma ƙullina ko motsi bai yi ba. Turken ma yana nan daram. Karnukan na kwance can gindin rogo suna lasar baki, jan nan ko tashi bai yi ba da ya gan ni. Da ranta. Da ta ji muryata ta ɗaga kai ta yi wani nishi. Na sa hannu in kwance, na kasa. Na sa haƙori, na kasa. Sai da lauje na yanke.

Ba ta iya tashi, ba mu da abin ɗaukarta. Na kafa mata zana a wurin. Inna ta kwance ƙullin gishirin gidan gaba ɗaya ta ba ni, na dafa ruwa na wanke raunin, na barbaɗa toka. Washegari Baba ya ce sai ya je. Tafiyar da Duna ke kai shi kafin a gama shan koko, ranar sai da muka kai hantsi, yana dogara sanda yana dafa kafaɗata. Ya durƙusa da ƙyar, ya duba cizon. Daga nan ya kama ƙafar bayanta ya juya, ya ga zoben da igiya ta yanka, a wannan da waccan. Ya daɗe yana kallo.

"Isa, wa ya ɗaure mata ƙafar baya?"

Na sunkuya na ci gaba da barbaɗa mata toka. Shi kuma bai ƙara tambaya ba, ranar ko wata rana.

Kwana uku ta yi. Tsutsa ta shiga raunin, ruwa bai fasa zuba ba. Jaki ba a yanka shi balle a ce an hutar da shi ko an ci nama. Ran na huɗu da hantsi na tarar ta sandare. Ni da maƙwabta uku muka ja ta muka fitar bayan ganuwa muka bari a can. Ba sai na faɗa muku su wa suka ƙarasa ta ba.

Dattawan unguwa suka zauna a zauren liman, don na yi rantsuwa sai na sa wa karnukan guba. Baba Garba ya ce ƙaddara ce, shi bai aiki kare ba, yana masallaci kamar kowa. Aka juya magana aka juya, aka ce gaskiya shela ba ta ambaci kare ba, tun kakanni ba a taɓa cewa a ɗaure kare da damina ba. Aka ce a yi haƙuri, lokacin yaƙi ne, kowa na cikin wani hali. Baba ya ce ya yafe. Da yamma sai ga ƙwarya cike da rogo daga gidan Baba Garba, wai jaje. Na ce a mayar masa da abinsa. Inna ta dube ni, ta dubi Hansatu da ke zaune da ciki wata takwas ba ta sa komai a baki ba tun safe, ta ɗora tukunya. Aka dafa. Ni ma na ci. Wannan rogon har yau bai gama wuce mini a wuya ba.

Geron shekarar ya yi kyau, don takin Duna ne a ƙarƙashinsa. A ka na kwaso shi dami-dami. Bazara ta zagayo na ɗauki kwando na shiga lungu. Abin da take kaiwa a sawu ɗaya sai na yi huɗu, kafin ruwa ya sauka ko sulusin gonar ban rufe ba, gashin tsakiyar kaina ya tafi bai dawo ba. Jakin haya ya fi ƙarfinmu, na aro kuwa kowa na bukatar nasa a lokaci ɗaya. Hatsin ya fito rawaya, siriri, iya gwiwa. Shekara biyu muka yi a haka, a ta uku Baba ya sayar da gonar don mu ci. Wanda ya saya ba sai an tambaya ba, mai iyaka ake fara yi wa tayi. Ni kuma na koma dako a Kurmi, inda Yaya Habu ya fara.

Shi Yaya Habu ya dawo bayan an gama yaƙi, ya rame, kunne ɗaya ba ya ji. Ya gaida Inna, ya ɗauki ɗiyata, sannan ya leƙa turke ya ga wayam. Ya tambaya. Ina tsaye a wurin. Baba ya riga ni, ya ce, "Karnukan Garba ne." Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma dube ni ba.

Daga ranar Yaya Habu bai sake gaida Baba Garba ba. Ya sauya masallaci. Da mutumin ya rasu bai je jana'iza ba, aka yi ta surutu a unguwa. Ni kuwa kullum yaba mini yake, yana gaya wa 'ya'yansa yadda na kwana uku ina jinyar jakarsa a cikin ruwa, yadda na ɗauki taki a ka. In ya fara sai in tashi in ce zan yi alwala. Baba ya tafi da abin da ya sani. Yaya Habu ma ya rasu shekara uku da suka wuce, ina zaune a gefensa, ina da lokacin faɗa masa, ban faɗa ba.

Ban yafe wa Baba Garba ba, kada wani ya ɗauka tsufa ya sanyaya ni. Shi ya tara karnuka ya hana su abinci, shi ya tozarta mahaifina a kan kara goma sha biyu, shi ya gaje gonar. Amma Duna ta san maganin karnukansa, ta nuna mini a gabana. Abu ɗaya take da shi, ƙafafunta na baya, na karɓe don in ba wani haushi.

Direban adaidaita ya gaji da jira, ya ce, "Baba, mu tafi ko?" Na ce ya ɗan ƙara mini. Na leƙa sosai ta cikin yayyafin, don ina so in ga yadda aka ɗaure karen. A wuya aka sa masa sarƙar, doguwa, har tana jan ƙasa. Ya tashi ya yi miƙa, ya zaga rumfarsa, ya sosa kunne da ƙafar baya. Duka huɗun a sake suke.

Na ce wa yaron mu tafi.